Maganin allura ake ɗura wa Baba ta hanci, anya ba kuskure ba ne?

Tambaya: Salamu alaikum likita. Daga Daura aka turo mu Katsina da mahaifina, yanzu yana ɗakin kulawa ta musamman, an daɗe ana ba shi antibayotik saboda limoniya sai ga zawo ya ɓarke masa, sun ce wai wata ƙwayar cuta ce C. diff. Abin da ya ɗaga min hankali, na ga nas ta zuƙo maganin allura daga kwalba ta ɗura masa ta robar hanci. Anya daidai ne? Ko in sayo masa Imodium, maganin tsayar da zawo?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da jinya, Allah ya tashi kafaɗun Baba. Kwantar da hankalinka, nas ɗin nan daidai ta yi. Maganin nan bankomaisin ne, antibayotik da ke kashe wannan ƙwayar cuta, in aka yi shi ta jijiya ba ya isa cikin babban hanji inda cutar take, dole sai ya bi hanyar abinci, to da yake na haɗiya yana wahalar samu a wajenmu sai a narka na allurar a ba shi ta roba.

Ita wannan ƙwaya, Clostridioides difficile, tana samun sarari ne idan antibayotik irin su seftiriyazon, sifro ko kilindamaisin suka kashe ƙwayoyin kirki da ke gadin hanji, sai ta yaɗu ta riƙa fitar da dafi mai ƙona bangon hanjin. Shi ya sa farkon abin da muke dubawa shi ne ko za a iya tsayar da antibayotik ɗin ko a canza shi, wanda ga mai limoniya a kwance gaskiya ba kullum yake yiwuwa ba.

Yawanci miligiram 125 na bankomaisin ake bayarwa sau 4 a rana har kwana 10. In abu ya yi tsanani, awon jini (BP) ya faɗi, ko ciki ya kumbura ya yi tam, ana ɗaga shi zuwa 500 sau 4, a haɗa da Flagyl ta jijiya 500 duk awa 8, in kuma hanjin ya daina motsi har ta dubura ake sa bankomaisin ɗin. Wani lokacin ma sai an kira likitan tiyata an cire babban hanjin.

Maganar Imodium kuwa, don girman Allah kar ka sayo. Yana tsayar da hanji dafin ya taru a ciki, kuma wannan shi na fi tsoro, majinyata su ga zawo ya tsaya cak su ce Alhamdulillah an samu sauƙi alhali cikin mara lafiya yana ta kumbura. In ka ga haka faɗa wa likita nan take. Haka jiƙo ko tsimi da 'yan dubiya ke kawowa a ɓoye, a dakata da su tukuna.

Sai wanke hannu. Sanitaiza ba ta kashe ƙwan wannan cuta, ruwa da sabulu ne ke wanke shi daga hannu, ka cuɗa sosai duk shiga duk fita, bandaki da ƙarfen gado kuma a goge da Hypo ko Jik. Bayan an sallame ku in zawon ya dawo cikin 'yan makonni ku koma asibiti, kar a je kemis, don kusan mutum 1 cikin 5 takan dawo masa.