Amsa ga 'yar'uwar da aka rubuta wa sikanin ruwa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba ki haƙurin rashin da kika yi, ya musanya miki da mai albarka. Kin ce kin yi ɓari sau biyu, an yi miki wankin ciki, tun daga nan al'adarki ta ragu ƙwarai. Sikanin da kika yi a unguwa ya nuna komai lafiya, amma likita ya rubuta wani da za a zuba ruwa a mahaifa, shi ne kike tsoron ko cin kuɗi ne. Ni nas ce, na daɗe a ɓangaren mata, kuma shawarata ki je ki yi.

Sikanin da muka saba, wanda ake cewa ki sha ruwa ki riƙe fitsari sannan a goga na'ura a kan mara, daga nesa yake hango mahaifa. Yana nuna girmanta, da babban ƙari in akwai, da juna biyu. Na biyu shi ne wanda ake yi ta gaba, da siririyar na'ura da aka sa wa rigar roba, shi kuma sai kin yi fitsari tukuna. Ya fi na mara fitar da hoto nesa ba kusa ba, har kaurin shimfiɗar cikin mahaifa ake aunawa da shi. Budurwa dai ba a yi mata shi.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Mahaifar da ba ciki ba a buɗe take ba, bangonta na gaba da na baya a haɗe suke kamar tafin hannu biyu. In akwai ƙaramin tsiro a tsakani, ko ƙarin da ya turo kai ciki, ko wurin da bangon ya manne da juna, sikanin zai iya wucewa bai gani ba. Shi ya sa ake zira siririyar roba ta bakin mahaifa, a tura ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa, ɗan kaɗan da sirinji. Ruwan ya raba bangon biyu, ya fito baƙi a allo, duk abin da ke ciki sai ya bayyana. A takarda za ki ga an rubuta SIS.

Abin da likitanki yake nema, a fahimtata, shi ne mannewa, wadda suke kira ciwon Asherman. Yawanci bayan kankarar mahaifa take zuwa, a wankin ɓari ko cire ragowar mabiyiya, kuma babbar alamarta ita ce wadda kika faɗa: jini ya ragu ko ya ɗauke. Ban ce shi ke damunki ba, gwajin ne zai faɗa. Abin da ke ci mini rai shi ne matan da na gani suna ta shan maganin sanyi da jiƙe-jiƙe shekara da shekaru, riƙe da takardar da ta ce lafiya lau, alhali matsalar tana inda hoton mara ba ya kaiwa. In an gano ta, ana shiga da ƙaramar kyamara ta bakin mahaifa a raba wurin, ba tare da an yanka ciki ba.

Lokacin yinsa kuma kada ki yi wasa da shi. Bayan kin yi wanka ake yi, kafin ƙwai ya sauka, wato kamar zuwa rana ta 10 in kin ƙirga daga ranar da kika fara ganin jini. Sannan shimfiɗar tana da siranta, kuma an fi samun tabbacin ba ciki. Ba a yi wa mai juna biyu, ba a yi in akwai ƙwayoyin cuta a mara sai an magance su, don haka in kina da ciwon mara ko fitar ruwa mai wari ki faɗa tun kafin a fara.

Zafi fa? Za ki ji murɗar mara irin ta al'ada lokacin da ruwan ke shiga, wasu kaɗan wasu da ɗan ƙarfi. Ki tambayi likita maganin zafin da za ki sha kafin ki je. Bai cika kai rabin awa ba. Ki tafi da audugar mata, don ruwan zai riƙa dawowa, wataƙila da ɗigon jini. Zazzaɓi ko ciwon da ke ƙaruwa bayan kwana ɗaya ko biyu kuwa, asibiti kai tsaye.

Kada ki haɗa shi da HSG, wanda ake yi da hoton ƙashi da ruwa mai fitowa a hoto, an fi yin sa don duba ko hanyar ƙwai a buɗe take. Shi SIS da sauti yake aiki, ba hasken hoton ƙashi a cikinsa.

In maigida yana ɗari-ɗari saboda ta gaba ne, ku je tare ya ji bayani daga bakin likita. Haƙƙinki ne ki nemi mace ta yi miki, in babu kuma nas mace ta tsaya tare da ke har a gama. Ki yi shi a asibitin da ke da likitan mata, ki kuma tafi da tsofaffin takardunki duka, musamman ta wankin cikin.