Amsa kan ma'anonin "cut off" a Turanci

Malama, kin tambayi dalilin da ya sa "cut off" ke sauya ma'ana daga jimla zuwa jimla, kuma na daɗe ina ganin ɗalibai suna tuntuɓe a nan. Asalinsa yanke wani sashe ne daga jikin abu, kamar yadda mahauci ke datse cinyar rago, sauran ma'anonin duk daga nan suka samo tushe.

Idan kina magana a waya layi ya katse, Bature zai ce "we were cut off", kuma da shi ake bayyana gidan da aka yanke wa wuta saboda bashi, ko ƙauyen da ambaliya ta datse wa hanya. Ma'anar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta uban da ya yanke wa ɗansa tallafi ko gado, wato "he cut him off". Ki lura da mazaunin "him", domin wakilin suna dole ya shiga tsakanin kalmomin biyu, ba a cewa "cut off him". Daga ma'anar yankewa kuma aka samo "cut-off mark", mafi ƙarancin makin shiga jami'a.