Amsa: Me ke sa waƙar fim ta fi fim ɗin daɗewa a bakin mutane?

Wa'alaikumus salam. Malam, tambayarka kashi biyu ce: me ya sa wasu waƙoƙin da aka yi saboda fim suke tashe har su fi fim ɗin suna, sannan kai da kake shirin fim ɗinka na farko yaya za ka yi taka waƙar ta shiga wannan sahun. Wasu a nan sun ce maka sa'a ce kawai, wasu kuma sun ce ka nemi mawaƙin da ke tashe ka biya shi, shi ke nan. Rabo gaskiya ne, amma akwai aikin da ake yi kafin rabon ya iso, kuma yawancin waƙoƙin da aka binne tare da fim ɗinsu wannan aikin ne aka tsallake.

Mu fara raba abu biyu. Akwai waƙar da fim ya haifa, wadda ba don shi ba da babu ita. Misali "Eye of the Tiger" ta ƙungiyar Survivor. Sylvester Stallone ya so ya sa wata waƙar ƙungiyar Queen a Rocky III na 1982, bai samu izini ba, sai ya tura wa waɗannan samarin farkon fim ɗin ya ce su yi masa sabuwa. Suna kallon hoton suka tsara ta, shi ya sa bugun jitar nan na farko yake faɗowa kamar naushi. Ta yi mako 6 a saman jadawalin Billboard na Amurka. Akwai kuma waƙar da ta riga fim zuwa duniya, fim ya zo ya ɗaga ta. Dolly Parton ce ta rubuta "I Will Always Love You", ta fitar da ita a 1974, amma sai da Whitney Houston ta rera ta a The Bodyguard a 1992 sannan ta karaɗe duniya, ta yi mako 14 a matsayi na ɗaya. Haka "Rock Around the Clock" ta Bill Haley, wadda ta fito a 1954 a bayan faifai ba ta yi wani armashi ba, sai da aka buɗe fim ɗin Blackboard Jungle da ita a 1955. Masu ba da kyautar Oscar ma sun raba su: sai waƙar da aka ƙirƙira musamman don fim ɗin ke shiga takara, shi ya sa waccan ta Whitney ba ta shiga ba duk da girmanta.

Abin da ya haɗa kashi biyun shi ne abin da nake so ka riƙe. Fim yana ba waƙa abin da rediyo ba zai iya ba ta ba: yana kawo mata mai sauraro wanda zuciyarsa ta riga ta yi laushi. Mutum ya zauna awa biyu da waɗannan mutanen, ya so wasu, ya tausaya wa wasu, sai waƙar ta shigo daidai lokacin da abin ya cika masa ƙirji. Daga ranar, duk inda ya ji ta, a shago ko a cikin adaidaita, wannan fitowar ce za ta dawo masa. Saboda haka inda ka ajiye waƙar a cikin labari ya fi sunan wanda ya rera ta muhimmanci.

Dubi yadda aka yi a Titanic na 1997. Daraktan fim ɗin, James Cameron, bai so a sa waƙa mai murya ba. James Horner, wanda ya tsara kiɗan fim ɗin, ya haɗa kai da marubuci Will Jennings, suka sa Celine Dion ta rera gwaji ba da sanin darakta ba, sai daga baya Horner ya kunna masa. To amma duba dabarar. Fim ɗin ya haura awa uku, kuma ba a jin muryar Celine sai an gama labari ana jero sunayen ma'aikata. Karin waƙar kuwa yana ta yawo tun a cikin fim, wani wuri da sarewa, wani wuri da fiyano, wani wuri muryar mace tana gunguni babu kalma ko ɗaya. Kafin baitin farko ya zo kunnen mai kallo ya riga ya haddace karin ba tare da ya sani ba. Idan muryar ta shigo sai ya ji kamar ya daɗe da sanin waƙar. Wannan dabarar ba ta cin kuɗi. Ka sa makaɗinka ya fitar maka da karin amshin shi kaɗai, sakan 15 zuwa 20, sau uku da kayan kiɗa daban-daban, ka dasa shi a wurare uku ko huɗu kafin cikakkiyar waƙar ta zo.

Sai maganar baituka. A waccan waƙar ta Titanic babu jirgin ruwa, babu Jack, babu Rose. Haka "See You Again" ta Wiz Khalifa da Charlie Puth, da aka yi wa Furious 7 a 2015 don bankwana da jarumin fim ɗin Paul Walker, wanda ya rasu a hatsarin mota a Nuwamban 2013 kafin a gama ɗaukar fim ɗin. An sa ta ne a fitowar ƙarshe, inda motoci biyu ke tafiya tare har hanya ta rabu kowa ya kama tasa. Amma ba a ambaci sunansa a cikinta ba, don haka duk wanda ya rasa aboki ya mayar da ita tasa. Hoton ne zai faɗi ko su wane ne, waƙar kuma ta faɗi abin da ke zuciya. Idan ka cusa sunayen taurarin labarinka da abin da ya faru tsakaninsu a cikin baiti, ka ɗaure waƙar a jikin fim, ba za ta je gidan biki ba. A kan samu wadda ta karya wannan ƙa'idar ta ci riba, kamar "Ghostbusters" ta Ray Parker Jr. a 1984, amma irinsu ba su da yawa, kuma galibi na raha ne.

A wajenmu abin ya zo ta wata fuska. Mun gaji tsarin Indiya, inda tun fim ɗinsu mai magana na farko, Alam Ara na 1931, waƙa take cikin jikin fim, daga baya kuma aka koma wani ke rerawa a situdiyo wani ya hau kai a gaban kyamara. Tun daga zamanin fim ɗin Sangaya, wajen ƙarshen shekarun 1990, waƙa ta zama ita ke sayar da kaset a Kano. A wancan lokacin ana liƙa tallar waƙoƙin sabon fim a farkon kaset ɗin wani fim, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata kuma waƙa suke fara dubawa. Wannan ya raya masana'antar, ya fito da muryoyi irin su Fati Nijar da Maryam A. Baba, wadda har sunan waƙa ya bi ta ake ce mata Sangandale. Amma ya haifar da wata ɗabi'a da har yau take cutar da mu: furodusa ya sayi waƙa tukuna, sannan a nemi ramin da za a jefa ta a cikin labari. Ana tsakiyar magana sai kawai ka ga an koma lambu an sauya kaya sau biyar. Irin wannan waƙar ko ta yi daɗi fim bai ƙara mata komai ba, mai kallo ma tura ta gaba yake yi. Kwatanta da Mansoor na Ali Nuhu a 2017, inda Umar M. Shareef shi ne jarumin kuma shi ne muryar, ko yadda waƙoƙin Naziru Sarkin Waƙa suka tafi tare da labarin a shirin Labarina na Aminu Saira. Kuma ka sani yanzu waƙa ba ta jiran fim kafin ta yi tashe: "Jarumar Mata" ta Hamisu Breaker a 2020 wayoyin mutane ne suka ɗaga ta. Don haka idan fim ɗinka bai ba waƙar ma'ana ba, babu abin da ya rage da zai ba ta.

Ga yadda aikin yake tafiya idan ana so ya yi kyau. Bayan an kammala rubutun labari, kafin a fita lokeshan, ku zauna kai da darakta da marubuci da mawaƙi, ku nuna da yatsa wurin da magana ta gaza, inda jarumi ba zai iya faɗin abin da ke ransa da baki ba. Nan ne gurbin waƙa. A fim na minti 90, babbar waƙa ɗaya da ƙarama ɗaya ko biyu sun isa. Ka ba mawaƙin labarin gaba ɗaya ya karanta, kada ka ce masa "ka yi mini ta soyayya" a waya. Ya kawo gwaji da fiyano da murya kawai. Idan amshin bai zauna maka a kai ba bayan ji biyu, kayan kiɗa ba za su cece shi ba. Idan namiji da mace za su rera tare, a gwada muryoyin biyu kafin a ɗora kiɗa, don sau da yawa makaɗi yana tsarawa daidai da maƙogwaron namijin, sai macen ta zo tana ƙaraji a sama, a koma ana lulluɓe abin da na'urar gyaran murya har kalmomi su daina fita. A kula kuma kada kari ya murɗe hawa da saukar kalmomin Hausa, don Bahaushe baitin yake bi kafin kiɗa.

Daga situdiyo ka karɓi abu huɗu, kada ka yarda da ɗaya: cikakkiyar waƙa ta minti uku zuwa huɗu don fitarwa, gajeriya ta minti ɗaya da rabi zuwa biyu don cikin fim, kiɗa zalla, da murya zalla. Duka a tsarin fayil ɗin sauti na WAV, 48 kHz, a kan filashi ko ta hanyar da ba ta matse sauti. Wadda aka turo a matsayin sautin WhatsApp ta riga ta rage, a babbar sifika za ka ji ta kamar a cikin gwangwani. Amfanin murya zalla shi ne edita zai iya janye kiɗa ya bar muryar ita kaɗai a inda ake so jiki ya yi sanyi. Whitney ta buɗe tata da kusan sakan 40 babu kiɗa ko kaɗan, kuma Kevin Costner, jarumin The Bodyguard, shi ne ya dage a bar ta haka.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen mamin, wato jarumi ya hau kan muryar mawaƙi a gaban kyamara. Ana gaggawa sai a fita ɗauka da gwajin waƙa, daga baya makaɗi ya sake aikin ya ɗan ƙara gudu. Idan gwajin yana bugu 100 a minti, na ƙarshen ya koma 102, kafin minti ɗaya ya cika baki da murya sun rabu da fiye da sakan ɗaya, alhali ido yana gane saɓanin da bai kai rabin haka ba. A kulle gudun waƙar kafin ranar ɗauka, kada a sake taɓa shi. Haka idan an ɗauki hoto 24 a sakan sannan aka mayar da fim ɗin 25 don talabijin, komai zai ƙara gudu da kusan kashi 4 cikin ɗari, waƙar minti uku ta rasa sakan 7, murya ta ɗan sirance. Ku tsayar da lamba ɗaya tun farko. Jarumai kuma su samu waƙar aƙalla mako guda kafin ɗauka, kuma su riƙa rerawa da murya a gaban kyamara, don wanda ke motsa leɓe kawai wuyansa da numfashinsa suna tona shi.

Wani tarkon: edita yakan ɗora wata shahararriyar waƙa na wucin gadi don ya samu abin yanka hoto a kai, darakta ya saba da ita, sai ya ce wa makaɗi "yi mini irin wannan". Daga nan ake faɗawa cikin satar fasaha. Huey Lewis ya kai ƙarar Ray Parker Jr. kan cewa "Ghostbusters" ta yi kama da tasa waƙar, sai a wajen kotu aka sasanta. Mu a da ana ɗauko karin Indiya a ɗora baitin Hausa babu mai tambaya. Yanzu YouTube yana da na'urar gane sauti, kamfanoni irin su T-Series da Saregama suna da rajistar kayansu a ciki, kuma idan ta kama ka kuɗin tallan bidiyon wajensu zai tafi, ko a toshe shi.

Kada ka raina takarda, don Allah. Kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta: na wanda ya ƙirƙiri baiti da kari, da na wanda ya mallaki sautin da aka naɗa. Dolly Parton ta ƙi ba Elvis Presley waƙarta saboda manajansa ya nemi rabin haƙƙin mallaka, kuma wannan riƙon ne ya sa ta ci moriyar abin da Whitney ta yi shekaru bayan haka. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ba ta amince da miƙa haƙƙi ba sai a rubuce. Ku rubuta wa ya mallaki me, a tashar wa za a ɗora waƙar, yaya za a raba kuɗin YouTube da Audiomack da Boomplay, ko mawaƙi zai iya sa ta a kundinsa kuma daga yaushe, sannan sunan mai rerawa da makaɗi su fito a jikin fim da jikin bidiyo. Mawaƙanmu mata musamman sun daɗe ana cin guminsu, a biya su sau ɗaya a situdiyo, jama'a kuma su ɗauka muryar jarumar ce.

Idan a Kano za ka fitar, ka kai baitukan da hoton waƙar Hukumar Tace Fina-finai tare da fim ɗin, kafin ka saki ko sakan ɗaya a intanet. Wajen fitarwa, ka saki sautin mako biyu zuwa huɗu kafin fim, da ɗan yanki na sakan 20 zuwa 30 daga amshi don TikTok, amma ka ɓoye fitowar da waƙar take a cikinta har sai an kalli fim ɗin. A bidiyon talla ka yi amfani da wasu hotunan daga farkon labari.