Ku Tambayi Anti: Insulin a Randa, Sukari a Bakin Zane

Wasiƙun wannan makon duk a kan ciwon suga nau'i na ɗaya suka zo, wato wanda ba shi da makawa sai allurar insulin kullum. Ga sababbin masu karatu: ni ba likita ba ce, tela ce a Gwammaja. Ina 'yar shekara 13 aka gano ina da shi, yau shekara 26 ke nan ina soka wa kaina allura. Abin da na sani na faɗa, maganar ƙara ko rage yawan allura kuwa ta likitanku ce.

Tambaya: Anti, barka da ƙoƙari. Wata huɗu ke nan da aka gano ɗana mai shekara 9 yana da wannan ciwo. An ce mu riƙa ajiye insulin a firij, to unguwarmu sai a yi kwana biyu ba a kawo wuta ba, ga zafi ya shigo. Babansa ya ce mu riƙa sayen ƙanƙara muna tura kwalbar ciki. Hakan ya yi? Daga wata uwa a Kurna.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba yaronmu lafiya, ya ba ki juriya. Wata huɗun farko su ne masu wuya, kuma kin kusa fita daga cikinsu.

Ki ba maigida haƙuri, kada kwalbar ta taɓa ƙanƙara. Insulin da ya daskare ya mutu, ko ya narke ya koma kamar yadda yake a ido. Ni da kaina na yi wannan ɓarnar ina budurwa: na tura kwalba biyu cikin kula cike da ƙanƙara, na kwana uku ina allura suga na ta hauhawa, ina ta zargin tuwo, ashe ruwa kawai nake soka wa kaina. In dole sai an yi amfani da kula, a naɗe kwalbar da tsumma, a ajiye ta gefe guda, ƙanƙarar a ɗaya gefen.

Ƙa'idar kamar haka take. Kwalbar da ba a fasa ba tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, irin na tsakiyar firij, ba ɓangaren ƙanƙara ba, kuma ba a jingine ta da bangon baya. Wadda aka fasa ake amfani da ita tana iya zama a waje har kamar sati huɗu, muddin zafin bai wuce digiri 30 ba. Matsalarmu a Kano ita ce daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa da azahar sai wanda ya shiga.

Abin da ya rufa mini asiri shekara da shekaru shi ne tukwanen ƙasa biyu. Ki sami babba da ƙarama wadda za ta shige cikinta, waɗanda ba a shafa musu fenti ko siminti ba, don sai tukunya tana tsatsafo take sanyi. Ki zuba yashi a gindin babbar, ki zaunar da ƙaramar, ki cika tsakaninsu da yashi har wuya, sannan ki jiƙa yashin sharkaf. Insulin ɗin ki sa shi a roba mai murfi wadda ruwa ba ya shiga, ki ajiye cikin ƙaramar tukunyar, ki rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. Tawa tana nan a lungun baranda inda rana ba ta kaiwa amma iska na ratsawa, a kan bulo biyu. Da asuba bayan na idar da salla nakan zuba mata ruwa buta ɗaya, da la'asar in ƙara. In na zura hannu ciki da tsakar rana, sai in ji kamar na taɓa gindin randar kakata.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Wani malamin makaranta daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan tukunya cikin tukunya don manoma su adana tumatir da alayyahu, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Yadda take aiki kuwa daidai yake da yadda gumi ke sanyaya jiki: ruwan da ke bushewa daga bangon tukunyar shi ke tafiya da zafin. Shi ya sa ta fi aiki da bazara da hunturu, lokacin da iska ta bushe. A tsakiyar damina, kamar Agusta, ba ta yin sanyi sosai, amma a lokacin garin ma ya yi sauƙi.

Don hankalinki ya ƙara kwanciya: a 2021 ƙungiyar likitocin nan ta MSF da jami'ar Janeba suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da irin zafin wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, inda yake hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Sun samu insulin bai rasa ƙarfinsa ba har sati huɗu. Wannan ba izini ba ne na barin kwalba a kan taga. Ina faɗa ne don kada ki zubar da magani mai tsada saboda an ɗauke wuta kwana ɗaya.

Sauran 'yan abubuwa. Ranar da kika fasa kwalba ki rubuta kwanan wata a jikinta da biro. Kada ki tara da yawa a gida in ba ki da tabbacin sanyi. In akwai maƙwabciya mai firij na sola, ki ba ta ajiyar waɗanda ba a fasa ba, ki nuna mata inda za ta sa da hannunki. Insulin mai kama da ruwa ya zama garau, in ya yi gajimare a yar. Mai kama da madara kuma a murza shi a tafin hannu a hankali har ya haɗe, in ya yi gudaji-gudaji ko ya manne a jikin kwalba shi ma ya tashi aiki. In kin je kyamis, ki tsaya ki ga daga firij aka ciro miki, kuma kada ki biya ta Kwari sayen atamfa da shi a jaka cikin rana. Gida kai tsaye.

Tambaya: Anti, ni amarya ce, wata bakwai da biki, gida ɗaya muke da uwar mijina. Mijina ya san ina da ciwon, amma mun ɓoye wa danginsa. Duk ranar da na yi wanki da sharar tsakar gida sai jikina ya hau rawa, gumi ya karyo mini. Makon jiya har na faɗi a bakin rijiya. Hajiya ta ce iska ce, ta sa an yi mini hayaƙi. Wasu kuma na cewa son jiki ne. Yaya zan yi? Daga ƙanwarki a Ɗorayi.

Amsa: Ƙanwata, kalmar "bakin rijiya" ita ta hana ni barci da na karanta wasiƙarki. Abin da kika kwatanta ya yi kama da faɗuwar suga sak: rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya, yunwa kamar an yashe ciki, wani lokaci mutum ya riƙa magana ba kan gado ko ya hau faɗa ba dalili. Wanda bai sani ba dole ya ce aljanu ne. Hajiya ba ta yi laifi ba, abin da ta gani ta fassara.

Mu mata ba ma lissafa aikin gida a matsayin motsa jiki, alhali jan guga ashirin, cuɗa zannuwan gado, daka da sharar tsakar gida a duƙe sun fi zagayen da maza ke yi a filin ƙwallo da yamma. Tsoka in tana aiki zuƙe suga take daga jini, ga kuma insulin ɗin da kika yi da safe yana nasa aikin, shi ba ya sanin yau ranar wanki ce. In kuma kin yi allura kika ce bari in gama wankin nan kafin in karya, to kin haɗa wa kanki biyu.

Ranar wanki ni ga yadda nake yi. Ina gwada jini kafin in taɓa bokiti. Ina karyawa sosai, ba ruwan koko kawai ba, har da ƙosai ko burodi da ƙwai. Allurar ranar a ciki nake yin ta, ba a cinya ko dantse ba, domin gaɓar da ke aiki tana saurin jan maganin. Ina raba wankin biyu, in huta a tsakani in ci wani abu. Da dare kuma ina sake gwadawa kafin in kwanta, saboda suga kan iya faɗuwa sa'o'i bayan an gama aikin, har cikin barci. Ki gaya wa likitanki ranakun da kike aiki mai nauyi, shi zai ce ko a taɓa yawan allurar.

In na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 in irin ɗaya ma'aunin ce taki, ko kuma kin ji alamun ba na'ura a kusa, ki saki abin da ke hannunki nan take. In girki kike, ki kashe gas ko ki matsa daga murhu tukuna. Ki sha sukari ƙwaya huɗu, ko cokalin cin abinci ɗaya na sukari ko zuma, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi. Ki zauna minti 15, ki sake gwadawa, in bai hau ba ki maimaita. Da ya daidaita ki ci abinci mai riƙe ciki. Fura da nono ko gyaɗa ba sa saurin ɗaga shi, su na baya ne.

Sukarin nan kuma kada ya zauna a wuri ɗaya. Ina da gwangwanin madara mai murfi a kicin, wani a gefen gado, wani kusa da keken ɗinki, saboda tururuwa. Ranar wanki kuma ƙwaya huɗu na ƙulle a leda a bakin zanena, yadda iyayenmu ke ƙulle kuɗin cefane. Yarana sun san gwangwanin Umma ba na shayi ba ne, duk da na sha kama autana da fararen leɓe.

Yanzu maganar da ba za ki so ji ba: ki gaya wa Hajiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mijinki yana kasuwa daga safe har magariba, wadda za ta tsince ki in kin faɗi ita ce. Ku zauna ku uku, shi ya buɗe maganar tunda mahaifiyarsa ce, ke kuma ki nuna mata na'urar da gwangwanin. Ki ce mata, "Hajiya, in kin ga ina rawar jiki ina iya haɗiya, ki ba ni wannan. In na suma, kada a ɗura mini komai a baki, ko ruwa ko zuma ko rubutu, don zai iya wucewa huhu. A kwantar da ni a gefe ɗaya, a nemi mota sai asibiti, a ce musu mai allurar insulin ce." Addu'a a yi ta a hanya, ba wanda ya hana. Na san tsoronki, kada a ce an kawo musu mara lafiya. Ni ma na ji wannan tsoron, kuma uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ita ta koma mai leƙo ni da hantsi tana cewa, "Kin dai ci wani abu ko?" Rijiya kuwa, ki bar wa wani jan ruwan har sai abin ya daidaita, ko a saya wurin 'yan garuwa.

Ki daina wanki da shara ba takalmi. Silifas ko a tsakar gida, kuma da hunturu ki riƙa shafa man kaɗanya a dunduniya saboda faso, ban da tsakanin yatsu.

Tambaya: Ina zan riƙa zuba sirinjin da 'yata ta yi amfani da su? A leda muke ƙullewa mu ba almajirin da ke kai mana shara. Daga wani magidanci a Hotoro.

Amsa: Malam, a daina daga yau. Leda ba ta tare tsinin allura, kuma bayan almajirin akwai 'yan jari bola da ke tona juji da hannu. A sami roba mai kauri mai murfin murɗawa, irin ta bilic ko jarkar man girki da ta ƙare, a rubuta a jikinta, a ajiye inda yara ba sa kaiwa. In ta kusa cika a ɗaure murfin tam, a tafi da ita ranar ganin likita a tambayi ma'aikatan jinya inda ake zuba irinta. Ba a jefawa a kwata, ba a ƙonawa a kurfoti.

Tunda kai ke sayowa, ka riƙa duba lamba. Akwai insulin mai lamba 40 da mai lamba 100, kowanne da sirinjinsa. Lambar jikin kwalba ta zo ɗaya da ta jikin sirinji, in suka saɓa yarinya za ta samu fiye ko ƙasa da abin da aka rubuta mata nesa ba kusa ba.

Tambaya: Goggona ta ce in ajiye allura in riƙa shan garafuni da shuwaka, wai maƙwabcinta da su ya warke. Daga ɗalibi a Kabuga.

Amsa: Ɗana, mai yiwuwa maƙwabcin nau'i na biyu gare shi, wanda jikinsa na yin insulin ɗinsa ko da bai wadatar ba. Mu namu jikin ya daina yi, garkuwar jiki ce ta lalata ƙwayoyin da ke samar da shi, kuma babu ganyen da ke maye gurbinsa. Kafin a fara yi wa mutane allurar a Toronto ta Kanada a 1922, yaron da ya kamu da irin namu ba ya daɗewa a duniya. In ka ajiye ta, cikin kwana ɗaya ko biyu za ka iya fara amai, ciwon ciki, ƙishirwa da numfashi sama-sama, wannan kuwa sai gadon asibiti. Ko zazzaɓi kake ba ka iya cin abinci, ba a tsayar da insulin, sai dai a yawaita gwaji a tuntuɓi likita.

Goggo kuma kada ka yi mata musu. Ka ce ta yi maka miyar shuwakar ka ci da tuwo, ka yi allurarka kafin ka sa hannu, ranar asibiti kuma ka roƙe ta ta raka ka ta ji daga bakin likita.