Na kaɗa zare da mazarin kakata, amma saƙar ta fito a karkace

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a Malumfashi. Shekarata shida ina saƙa da tsinke biyu, ba don sayarwa ba, sha'awa ce kawai: hulunan jarirai, safa, rigunan sanyin yarana, dukansu da ulun kasuwa. Bara kakata ta rasu, aka ba ni taskirarta da mazari uku a ciki da guntun alli. Na sayi auduga wajen mai katifa na fara koyon kaɗi, amma zaren sai tsinkewa yake yi. Ɗan abin da na tara na saƙa hula da shi, ta fito a karkace kamar an murɗe ta, na wanke na shanya ba ta miƙe ba. Ga makaranta ga yara, lokacin ma ba ya isa. Shin zaren mazari ba ya saƙuwa da tsinke ne, in haƙura?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan kaka, ya kai haske kabarinta. Na ji daɗi ƙwarai da taskirar nan ta faɗo hannun mai son ta, don da yawa irinta suna can ƙarƙashin gado gara tana ci.

Kada ki haƙura. Zaren mazari yana saƙuwa da tsinke sarai, sai dai akwai aiki guda da kika tsallake, kuma ba laifinki ba ne, don kakanninmu ba su cika bukatarsa ba. Su masaƙa suke kaɗa wa. Tun kafin Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya iso Kano a 1851 ya ga yadda tufafinta ke ratsa Sahara, tsarin shi ne mata su kaɗa a cikin gida, a kai wa masaƙi, daga nan a wuce marina. Siririn zare mai ƙarfi shi ake yin wadari da shi, wato zaren tsaye, abawa mai kauri da taushi kuma ita ke ratsawa. A masaƙa, zaren tsaye da na kwance suna danne juna, kowane ya hana ɗan'uwansa motsi. A tsinke kuwa zare ɗaya ne tal yake shiga cikin kansa ido bayan ido, babu abin da ya danne shi.

To, abin da ke riƙe zaren da ya fito daga mazari murɗi ne kaɗai, kuma murɗin nan bai mutu ba, kullum yana neman ya warware. Ki saki kamu ɗaya na sabon zarenki ki gani, nan take zai nannaɗe kansa. Wannan ƙarfin ne ya shiga kowane idon hularki ya tura shi gefe guda, ido ɗari suka jingina wuri ɗaya, hula ta karkace. Wanki ba zai gyara ta ba, ruwa ma farkar da murɗin yake yi.

Maganinsa tufka. Kin taɓa kallon mai tufka igiyar rama? Kowane sili yana murza shi ta gefe ɗaya, sannan ya haɗa su ta ɗaya gefen, shi ya sa igiya take kwanciya lafiya. Ki ɗauko ulun da kike saye ki buɗe bakinsa, za ki tarar sili uku ne ko huɗu aka tufke haka. Idan lokacin kaɗi kina murza mazari yana juyawa dama, to lokacin tufka hagu zai juya. Murɗin farko da na biyu sai su kashe ƙarfin juna.

Ga yadda nake yi. In mazari ya cika, ina sauke zaren a kan ƙwallon goruba, ya zama dunƙule. In na sami dunƙule biyu ko uku, sai in sa kowane a cikin ƙoƙonsa don kada su gangara, in kama bakunansu tare in sake naɗe su a dunƙule ɗaya, a jere, ba tare da murɗi ba. Wannan matakin mutane ke ƙyuya, shi ne kuma ke hana sarƙewa. Daga wannan dunƙulen nake tufkawa, da mazarin da ya fi girma da nauyin gululu, wato ɗan dunƙulen da ke jikin mazari yana ba shi nauyi. Sanin iyakar murɗin da za ki sa kuma yana da dabara mai sauƙi: tun kina kaɗi, ki ja sabon zare kamu biyu, ki ninka shi, ki bar shi ya nannaɗe kansa, ki ƙulle ki yanke ki ajiye a taskira. Yadda ya tufke kansa ɗin nan, haka zarenki ke so. Da shi za ki riƙa gwadawa, don zaren da ya kwana biyu a dunƙule yakan yi lamo, ya ruɗe ki ki ɗauka ba ya bukatar murɗi da yawa.

Bayan tufka sai dafuwa. Ki naɗe zaren a bayan kujera ya zama zobe mai faɗi, ki ɗaure shi sako-sako a wuri huɗu, ki sa a tukunyar da ba ta girki ba da ɗan sabulu da ɗan jiƙon kanwa, ya yi ta ɓararraka a hankali kamar minti 40. Za ki ga ruwan ya koma kalar shayi. Wannan ɗanyen kakin da Allah ya halicci auduga da shi ne yake fita, wanda ke hana ta shan ruwa. Ki ɗauraye, ki matse ba tare da murɗawa ba, ki shanya a inuwa. In ya bushe ki riƙe zoben a sama: in ya rataya a miƙe, ko ya ɗan juya kaɗan, kin gama. Zaren da aka dafa ya fi laushi, kuma in wata rana kika so kai shi marina irin ta Ƙofar Mata a Kano, sai ya fi kama baba.

Yanzu tsinkewa. Kafin ki zargi hannunki, audugar ce abin zargi. Ta katifa galibi ragowa ce, gajeren gashi da ƙura, an danne ta ta cure. Ta asibiti ma kada ki gwada, an wanke ta da magani ta bushe ƙayau, ta rimi kuma santsinta ba ya barin ta kama murɗi. Ke da kike Malumfashi, tsakiyar ƙasar auduga, ga Funtuwa kusa, ai ba ki da wahala. Daga Nuwamba zuwa Janairu ake cira. Ki sami manomi ki sayi kilo biyu da anguryarta, ki zaɓi fara tas wadda ba ta da ɓaraguzan ganye. Ki sani kusan kashi biyu cikin uku na nauyin nan angurya ce, don haka kilo ɗaya zai ba ki abin da bai wuce giram 350 zuwa 400 ba. Kina iya gurzawa da ƙarfe a kan dutse kamar yadda aka saba. Ni dai in kaɗan ce da yatsu nake cire ƙwayar, yana cin lokaci amma gashin ba ya karyewa. Sai ki shiɓe ta da bakan shiɓa har ta tashi kamar kumfa, ki naɗe ta sutu-sutu ba tare da dannewa ba. Rabin kaɗi a shiɓa yake. A tsakar gida za ki yi ta, kuma in kina da asma ki rufe hanci, ƙurarta ba ta da kyau ga ƙirji.

Gashin auduga gajere ne, tsawonsa bai cika wuce santimita 3 ba, kuma ba shi da ƙananan ƙayoyin da gashin tumaki ke riƙe juna da su. Saboda haka tana cin murɗi sosai, kuma ba ta jure a rataya mata nauyi tana cikin kaɗuwa. Dalilin da ya sa mazarinmu siriri ne mara nauyi ke nan, kuma gindinsa a cikin ƙoƙo ko 'yar tasa yake juyawa. In kin ga Turawa a bidiyo suna sakin babban mazari yana lilo a iska, gashin tumaki suke kaɗawa, kada ki kwaikwaye su da auduga. Mutanen Indiya ma ɗan mazarinsu na auduga a cikin kwano yake tsayawa kamar namu.

Duk lokacin da zare ya tsinke, ki duba bakinsa. In ya saɓule ne shiru, bakin ya yi buzu-buzu, murɗi ya yi kaɗan, kin ja da sauri fiye da yadda mazari ke juyawa. In kuwa kin ji ƙas, bakin ya yanke tsaf a wuri siriri, murɗi ya taru a nan ya yi yawa. Na farkon ya fi damun masu koyo. Ki riƙe sutu a hannun hagu kamar kin riƙe ɗan tsako, kada ki matse, don gumi da matsi ke curar da shi. Ki murza, ki ja a hankali har hannu ya miƙe, sannan ki tsaya ki ƙara murza mazari sau uku ko huɗu kafin ki naɗe. Wannan ƙarin na ƙarshe shi ke mai da shi zare. Allin da kika gani kuma na yatsu ne, ana shafawa don mazari ya kamu kada ya zame. Kuma don Allah ki nemi wata tsohuwa a unguwarku ko ƙauyenku da ta taɓa kaɗi, ki kai mata goro ki zauna kusa da ita yamma ɗaya. Abin da hannunta zai nuna miki ya fi duk abin da na rubuta nan.

Akwai abin da nake so ki sani tun yanzu don kada ranki ya ɓaci daga baya: saƙar auduga ba za ta yi halin saƙar ulu ba. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tumaki ba ne, akirilik ne, daga sinadaran man fetur ake yin sa. Tumakinmu, Balami da Uda da 'Yankasa, ba masu ulu ba ne, gashinsu gajere ne mai kaushi. A yankinmu sai can Masina ta ƙasar Mali ake samun tumaki masu ulu, waɗanda Fulani ke saƙa barguna da gashinsu. In kina son tantancewa, ki ƙona ɗan guntu: gashin tumaki ƙaurin gashi yake yi, auduga ƙaurin takarda da toka mai laushi, akirilik kuwa narkewa yake ya dunƙule baƙi. Wannan ya sa hankalina ba ya kwanciya in na ga yaro da rigar akirilik yana jin ɗumi a bakin murhu da hunturu, don in ta kama wuta manne wa fata take yi. Amma akirilik yana miƙewa ya dawo, auduga kuwa in ta miƙe ta miƙe ke nan. Don haka ki rage girman tsinke da rabin milimita ko ɗaya, musamman a bakin hula, ki saƙa gwaji mai santimita 10 kowane gefe, ki wanke shi ki auna kafin ki ɗora babban aiki. Za ki ji tana gajiyar da wuyan hannu fiye da ulu, ki riƙa hutawa. Ladanta shi ne tana shan gumi, ba ta ƙaiƙayi, jariri zai sa ta ko a watan Afrilu.

Batun lokaci kuma, gaskiya zan faɗa miki: kaɗi ya fi saƙa cin lokaci nesa ba kusa ba. Ƙullin zaren auduga na kanti mai giram 50, irin na tsinke mai milimita 4, yakan kai mita 100 zuwa 125, kuma kusan abin da hular yaro ke ci ke nan. In sili uku za ki tufka, kin ga sai kin kaɗa fiye da mita 300, in zarenki siriri ne ma sai ya fi haka. Saboda haka kada ki ce za ki daina sayen ulu. Rigunan sanyin yara su ci gaba da shi, zaren hannunki ki ware shi don ƙananan abubuwa masu daraja, kamar hular suna ko 'yar safar jariri.

Ni na raba saƙa da kaɗi ne da haske. Saƙa tana son ido da ƙirga, don haka da rana nake yin ta, tana cikin jakata duk inda zan yi zaman jira. Ke ma za ki iya samun layi biyar ko shida a lokacin tara. Kaɗi kuwa in hannu ya saba, yatsu ke gani, sai na bar shi bayan isha'i, ina kan tabarma ana hira, ko an ɗauke wuta fitila ƙarama ta ishe ni. Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Asabar, don hannun mai koyo yana saurin mantuwa. Gurza da shiɓa su nake tarawa ranar hutu, yara ma suna son cire angurya, sai dai a ɗauke mazari da tsinke daga inda ƙananansu za su kai, don tsininsu ba abin wasa ba ne. Za ki kuma lura auduga ta fi biyayya da damina. Da hunturu takan bushe ta yi gardama, sai in sa sutu a kwano mai murfi da ɗan tsumma mai laima a gefe, ba ya taɓa ta. Kaushin hannu ma yana kama gashin, ki shafa man kaɗanya da dare in kin gama, kada ki shafa dab da farawa.

Hular nan da ta karkace kuma, kada ki yar. Ki warware ta a hankali ki naɗe a ƙwallon goruba biyu daidai wa daida, ki tufka su ta hagu in dama kika kaɗa, ki dafa. Zaren zai ragu zuwa rabin tsawonsa, ba zai ƙara isar hula ba, amma zai ishe ki gwajin nan na santimita 10. Ki saƙa rabinsa gaba-gaba a kowane layi, rabin kuma layi ɗaya gaba layi ɗaya baya, don a wannan ta biyun karkata ta fi fitowa. In kin wanke ya bushe kika ga gefunansa sun tsaya a miƙe, to ki auna da shi ki ɗora sabuwar hula da audugar bana.