Za a mayar da tsohon sitonmu tashar jirgin ƙasa: binciken muhalli zai hana a tashe mu?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina sayar da hatsi a wani tsohon sito kusa da layin dogo a nan Bauchi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya fara zama a wurin, mu kuma muka gada. Muna da yawa a ciki. Kwanan baya wasu suka zo da tef suna aune-aune, suka ce za a gyara ginin ya zama tashar jirgin ƙasa, yanzu binciken muhalli ake yi. An ce mana ginin tarihi ne, doka ta hana a taɓa shi, kuma in ba mu sa hannu ba binciken ba zai wuce ba. Har mun fara karo-karo za mu kotu. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku. Ku ɗan dakata da maganar kotun nan tukuna, domin abubuwa biyun da aka gaya muku, a fahimtata, babu wanda ya tsaya da ƙafarsa. Abin da zan faɗa bisa wasiƙarka ne kawai, takardun da ke hannunku na iya canza wani abu. Wasiƙar kuma ba ta nuna ko aikin na tarayya ne ko na jiha ba, alhali tun gyaran kundin tsarin mulki na 2023 jihohi ma suna da hurumin harkar jirgin ƙasa.

Tsufa kaɗai ba ya sa gini ya samu kariyar doka. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta 1979 tana kare wurin da aka ayyana ne a hukumance, aka buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Irinsu a jihar nan akwai Gidan Madaki na Kafin Madaki, aikin shahararren maginin nan Babban Gwani, da kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Jirgin ƙasa kuwa sai 1961 ya iso Bauchi, ya kai Gombe a 1963, don haka in saboda layin aka gina sitonku, mai yiwuwa bai kai tsufan da ake zato ba. Wasiƙa ɗaya zuwa ga hukumar ta isa a san ko yana cikin jerin. Amma ko da yana ciki, ka lura da kyau: ginin dokar take karewa, ba mazauna cikinsa ba. Hukumar na iya ba da izinin gyara, kuma masu aikin za su ce gyara shi a ci gaba da amfani da shi ya fi a bar shi damina ta cinye. Da wuya alƙali ya ƙi jin wannan hujjar.

Sai binciken muhalli, inda na ga an fi rikita ku. Doka ce mai lamba 86 ta 1992, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke kula da ita. Ta wajabta cikakken bincike kafin a shimfiɗa sabon layin dogo ko reshensa. Gyaran gini ɗaya kuwa, ma'aikatar ce ke dubawa ta yanke irin zurfin binciken da ya kamata, sai dai in ginin ɓangare ne na babban aiki. Abin da ake dubawa sananne ne: ƙura da ƙara, inda ruwan sama zai bi, cunkoson motoci da Keke Napep, yadda za a kwashe tsohon rufi in na asbestos ne, da kuma mutanen da aikin zai taɓa abincinsu. A nan kuka shigo. Doka ta ce a ba ku dama ku faɗi ra'ayinku kafin a yanke hukunci. Ba ta ce sai kun yarda ba. Jin ta bakinka daban, neman izininka daban.

Saboda haka ƙin sa hannu ba ya tsayar da komai. Abin da yakan haifar shi ne a rufe rajistar waɗanda aikin ya shafa babu sunanka, ranar rabon wani abu ka zo ana ce maka ba a san da kai ba. Sai dai takarda suna ta tara. Akwai ta halartar taro, akwai ta ƙidayar shaguna da kaya, waɗannan ka sa hannu bayan ka tabbatar an rubuta sunanka da girman shagonka daidai. Akwai kuma wadda ke cewa ka amince ka tashi, ko ka karɓi haƙƙinka ba ka da sauran magana. Wannan kada ka taɓa ta sai lauya ya karanta. Kowacce ce, ka ɗauki hotonta da waya kafin ta bar hannunka.

Ba zan ɓoye ba, yadda suka zo muku bai yi mini daɗi ba. Mutum ya shiga wurin da jama'a suka shekara da shekaru suna neman abinci, ya ja tef ya shafa jan fenti a bango, bai tara ku ya yi bayani da Hausa ba, shi ya buɗe wa jita-jita ƙofa. Daga baya a ajiye rahoto mai kauri da Turanci a sakatariyar ƙaramar hukuma a ce an sanar da jama'a. To, duk da haka wannan ajiyewar ita ce damarku mafi girma. Akan baje rahoton na kwanakin aiki 21, a sanar a jarida da rediyo. Ku sa wani ya riƙa leƙawa sakatariya da ma'aikatar muhalli ta jiha. Da zarar ya fito, ku kai ƙorafinku a rubuce, ku sa a buga muku hatimin karɓa a kwafinku, ku ba BASEPA, wato hukumar kare muhalli ta Jihar Bauchi, kwafi. In an hana ku ganin takardu, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa.

Yanzu ga tambayar da ba ka yi ba, wadda kuma ita ce uwa: da wane matsayi kuke zaune a wurin? Ka ce kun gada, amma gadon zama ba gadon mallaka ba ne. In mahaifinku haya yake biya, ko da 'yar kaɗan ce, ku 'yan haya ne, daɗewa ba ta mayar da ɗan haya mai gida. Haƙƙinku a nan shi ne notis: abin da yarjejeniya ta faɗa, in babu, galibi wata shida ga mai biyan shekara, wata ɗaya ga mai biyan wata, sannan a bi ta kotu, ba a zo da katafila ba. In kuwa akwai shaidar mallaka da sunan gidanku, sashe na 28 na Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ya ba gwamna ikon soke ta saboda amfanin jama'a, sashe na 29 ya ce a biya diyyar gini da abin da aka kashe a filin, sashe na 44 na kundin tsarin mulki kuma ya ce a biya ba tare da jinkiri ba. Ko a nan, ba kasafai ake lissafa cinikin da za ka rasa ba. Ku tono rasidai da tsofaffin takardun mahaifinku tun yau.

Kotu ba a rufe take ba. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 a ƙarar da wata ƙungiyar sa ido kan gurɓatar mai ta shigar da NNPC, an sassauta wanda zai iya kai ƙara kan muhalli. In aka fara rusau ba tare da amincewar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ba, ko aka tsallake baje rahoton, kuna da abin faɗa. Amma yanzu, ana tsakiyar binciken, ban ga laifin da za ku nuna wa alƙali ba. Ko kun ci, abin da ake samu sau da yawa shi ne a ce su koma su bi ƙa'ida, su kuma su koma su bi. Umarnin dakatar da aiki sai kun ɗauki alkawarin biyan asarar ɗaya ɓangaren in aka gano ba ku da gaskiya, asarar ɗan kwangila kuwa ba ta karo-karon 'yan kasuwa ba ce. Sai dai kada ku yi barci: ƙarar jami'in gwamnati tana da wa'adin wata uku a yawancin lokuta, wasu hukumomin kuma sai an ba su notis a rubuce kafin a kai su.

Da ni ne, kuɗin nan zan raba biyu. Kaso ɗaya a ɗauki lauya ya rubuta ƙorafin ya zauna muku a teburin sulhu, ɗayan a biya mai ƙiyasta kadara ya rubuta abin da kowa ya kashe a shagonsa. Ku naɗa wakilai uku ko huɗu, ku bi ta hannun mai unguwa da hakimi, ku nemi zama da masu aikin. Ku nemi wurin da za ku koma kafin a tashe ku, da kuɗin kwasar kaya, da a ɗaga muku ƙafa har kaka ta wuce ku sayar da abin da kuka tara, da fifiko in za a yi shaguna a sabuwar tashar. Ku tambayi kuma wa ke ba da kuɗin aikin, domin in Bankin Duniya ne ko Bankin Raya Afirka, ƙa'idojinsu sun tanadi tallafi har ga wanda ba shi da takardar mallaka. Duk abin da aka amince, ku dage a rubuta shi, a sa hannu, a kuma shigar da shi cikin rahoton muhallin kafin ma'aikatar ta amince da shi. In sun ƙi zama da ku, ku kai kuka Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, kyauta ne, kwafin wasiƙun kuma ku adana, za su yi amfani in ta kai ga kotu.