Ciwon kan asuba ga mai ƙari a ƙwaƙwalwa

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba maigidan lafiya. Kin ce an gano masa ƙari a ƙwaƙwalwa, kina tambaya me ya sa kan ya fi sara masa da asuba, har da amai. Ni ba likita ba ce, amma na yi jinyar yayana a kan irin wannan ciwo. Wata biyu muka ɓata muna maganin taifot kafin a ce mu yi hoton kai.

Yadda likitansa ya fahimtar da ni: ƙoƙon kai ba ya buɗewa. Ƙwaƙwalwa, jini da wani ruwa garai-garai ne suka raba wurin. Ruwan bai wuce mililita 150 ba, amma jiki na yin kusan 500 kullum, sabo na shiga tsoho na fita. Bugun zuciya na cikin abin da ke tura shi: duk bugu ɗaya jijiyoyin jini su ɗan kumbura su saki, ruwan ya gangara ta gefensu yana kwashe datti. A 2012 masu bincike a Jami'ar Rochester ta Amurka suka nuna wannan a kan ɓeraye. To ƙari in ya girma sai ya danne jijiyoyin ya tare hanya, nasa jijiyoyin kuma yoyo suke yi, gefen ya kumbura. Da dare majinyaci yana kwance shame-shame, jini ya fi taruwa a kai, matsi ya hau. Shi ne yake farkawa da shi.

Mu dai ɗaga masa kai da filo biyu ya taimaka. Dexamethasone da aka rubuta masa ya sauke kumburin cikin kwanaki, sai dai ya tayar masa da suga, kuma an gargaɗe mu kada a yanke shi lokaci guda. Ƙaho kuwa, da dangi suka matsa, bai kai inda ruwan yake ba, wahala kawai ya sha.

Daga baya hanyar ta toshe gaba ɗaya, aka sa masa siririyar roba daga kai zuwa ciki ta ƙarƙashin fata don ruwan ya riƙa sauka.

In kin ga barci ya yi masa yawa har tashinsa na wuya, ko yana ganin abu biyu-biyu, ko jijjiga, kada ki jira ranar ganin likita, ku tafi asibiti a daren.